Tagar da Aka Cire wa Labule

Raishatu ta dawo daga lakwal, makarantar da take koyarwa, da azahar, farin alli bai ma fita daga yatsunta ba, ta tarar da akwatin da dangin Haris suka kawo daga Tarka watan jiya ajiye a tsakar gida. An ɗaure shi tamau da igiya kamar ragon da za a kai kasuwa.

Akwatin nan na kayan neman aurenta ne, kuma a ƙarƙashin gadon Inna yake zama.

Mahaifinta, Alhaji Sidi, yana kan kujera, fuskar nan babu annuri. Mahaifiyarta Hajiya Fadimata, wadda take kira Inna, ta yi tagumi a bakin ƙofa, ido ya yi ja. Gwaggo Dado kuwa, yayar Alhaji, tana kan tabarma tana tauna goro da ƙarfi, yadda take yi in ranta ya ɓaci.

"Zauna," in ji Alhaji.

Ta durƙusa nesa kaɗan da shi.

"Gobe da safe akwatin nan zai bi motar Tarka. Maganarki da yaron nan ta ƙare."

"Baba, me ya faru?"

"Abin da na faɗa tun farko kuka ƙi ji. Mutumin da sana'arsa hawa rufin gidajen mutane, wai yana kafa sola, idonsa ya riga ya saba da kallon abin da ba nasa ba. Jiya bayan magariba aka kama shi a gindin itacen bedin da ke bakin tagar falo, ya rataya fitila yana haska gilashina, yana neman leƙen iyalina. Kwana tara ke nan yana yi."

Raishatu ta yi mutuwar zaune. Ta ji hayaniya jiya, gaskiya ne, amma ta ɗauka samarin fada ne, masu zaman hira a bakin hanya, ke gardamar ƙwallo wajen shan shayinsu. Hasken ma ta sha ganinsa a jikin gilashi, ta zaci su suka rataya abinsu.

"Wa ya kama shi?"

"Falalu da abokansa. Allah Ya yi wa yaron nan albarka. Suka kawo mini shi ƙofar masallaci, gaban mutane. Na ce mishi ya yi magana, ya kare kansa. Kin san abin da ya ce? Wai, Alhaji, ku mayar da labule. Ki ji rashin kunya. Ɓarawo na koya wa mai gida kulle ƙofa."

"Baba, Haris ba zai..."

"Rufe mini baki. Bai musa ba, Raishatu. Sau uku ina tambayarsa, bai musa ba."

Hawaye suka ɓalle mata, tana share su da bayan hannu, alli yana shafar fuskarta ba ta sani ba.

Shi dai gilashin nan da ake magana, ba ƙaramin abu ba ne a unguwar. Falalu ne ya kawo shi. Falalu ɗan aminin Alhaji ne, ubansa na da manyan motoci a hanyar Damagaram zuwa Agadas, kuma shekara biyu ya yi yana zaryar neman Raishatu tana ce masa ya yi haƙuri. Da Gwaggo Dado ta tsaya tsayin daka har Alhaji ya karɓi kayan Haris, kowa ya jira Falalu ya yi fushi. Sai ga shi ya zo da fara'a, ya ce komai nufin Allah ne, har da kyauta ya riƙo wa Alhaji: gilashi na sabon falon da ake ginawa ta gefen hanya, irin wanda na ciki ke ganin waje, na waje kuwa sai dai ya ga fuskarsa.

Shi ya ba da shawara a faɗaɗa tagar, a sauke ta ƙasa, tunda ba mai gani.

Kuma da rana haka abin yake, ba ƙarya. Yara su zo su yi wa kansu gwalo. Mata masu wucewa su tsaya su gyara ɗauri, su duba haƙora, Raishatu da Inna suna ciki suna dariya har da riƙe ciki. Wani rago ma ya taɓa ja da baya zai tunkuyi ɗan'uwansa. Alhaji kuwa, Allah Ya ba shi son a ce shi ne na farko, duk baƙon da ya zo sai an fita da shi waje an ce ya leƙa. Ranar da Inna ta rataya tsohon labulenta mai furanni, da kansa ya sa aka cire.

"Kun taɓa ganin inda aka sa wa madubi labule?" in ji shi.

Yanzu ga shi gilashin ya cinye mata aure.

Da Alhaji ya fita, Inna ta matso ta kama hannunta.

"Ki yi haƙuri, Raisha. Gara da Allah Ya tona shi tun kafin a ɗaura. Ni kaina na so yaron nan, amma kin ga abin da ya yi mana. Falalu har yanzu bai canza ba, da safen nan ma ya aiko a gaishe ki."

"Inna, don Allah ki bar ni."

"Ba cewa na yi dole ba. Cewa na yi ki duba."

Gwaggo Dado ta tofar da tuƙar goronta, ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa.

"'Yar nan, da la'asar ki zo gidana ki taya ni tsintar gero. Idona ba ya gani sosai."

Idon Gwaggo kuwa ras yake, ko allura ta faɗi a rairayi ita ke tsinto ta. Raishatu ta gane, ta ce to.

* * *

Da ta shiga gidan Gwaggo, Haris ta fara gani. Yana tsugune a gindin bango da jakar kayan aikinsa, wai an kira shi duba batirin sola. Leɓensa ya kumbura, gefen idonsa ya yi baƙi. Da ya gan ta ya miƙe, ya sunkuyar da kai.

Gwaggo ta zauna a tsakaninsu da faifan gero a cinya.

"To, ga ku ga juna. Ni kurma ce."

Raishatu ta yi niyyar yin magana a hankali, amma muryar ta ƙi.

"Haris, abu ɗaya zan tambaye ka. Ka tsaya a gindin bedin nan ko ba ka tsaya ba?"

"Na tsaya."

"Kwana tara?"

"Kwana tara."

"Da fitila?"

"Da fitila, Raishatu."

Duk hanyar da ta biyo tana ce wa kanta sharri ne, zai rantse, za ta yarda. Ga shi da bakinsa.

"Ni ka yi wa haka? Wata nawa ya rage a kai ni ɗakinka? Na yi faɗa da Baba a kanka, na yi kwana uku ban ci tuwon gidanmu ba a kanka. Duk Tanut ana ce mini me malamar lakwal za ta yi da mai hawa rufi, ina cewa ba ku san shi ba. Ashe ni ce ban san ka ba."

Hawaye ne kawai ya gangaro ta gefen idon da ya kumbura.

"Ka yi magana mana. Ko ƙarya ce ka yi mini, in samu abin riƙewa."

"Ki bar shi a haka. Ki ce na yi. Abu ɗaya nake roƙonki, yau kafin magariba ki rataya labule a tagar nan, ko Alhaji zai yi faɗa. Sun fasa fitilar."

Kurmar da ke tsintar gero ta ɗago kai.

"Kai yaro. Da kake tsaye a gindin bedin, ina fuskarka take kallo?"

Ya kawar da fuska.

"Da kai nake."

"Hanya, Gwaggo. Bayana ne ke wajen taga."

"Mai leƙe da ƙeya. Ban taɓa ji ba." Ta ajiye faifan. "To su wa ke kan hanyar?"

Gwaggo ta ƙura masa ido, sannan a hankali ta juya ta dubi ƙofar ɗakinta, inda tsohon asabari ke rataye. Ta daɗe tana kallonsa. Sai goron da ke hannunta ya faɗi ƙasa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce can ƙasa. "Haris, kar dai gilashin nan halin asabari gare shi."

Ya runtse ido. "Halinsu ɗaya, Gwaggo."

Raishatu ta dubi wannan ta dubi wancan. "Wane hali? Me kuke faɗi?"

"'Yar nan," in ji Gwaggo, "in kina cikin ɗaki da rana, a bayan asabari, kina ganin na tsakar gida, shi ba ya ganinki. Haka ne?"

"Haka ne."

"To in duhu ya yi kika kunna fitila a ɗakin fa? Me ya sa iyayenmu ke cewa a saki zane a bayan asabari kafin a kunna aci-balbal?"

Raishatu ta juya ta dubi Haris.

"Inda haske ya fi yawa, nan ake gani," in ji Haris, kansa a ƙasa. "Da rana hasken yana waje, shi ya sa gilashin ke zama madubi ga na waje. Da magariba ta yi kuka kunna ƙwan fitilar falo, sai abin ya juye. Ku ku ga fuskarku. Na waje ya ga komai."

"Komai," ta maimaita, kamar ba ta san kalmar ba.

"Ranar da ake sa shi na faɗa wa Alhaji. Ya ce kishin kyautar Falalu nake. Washegari na tafi Belbeji aikin famfo, na yi kwana goma sha biyu. Ran da na dawo na biyo ta ƙofar gidanku bayan magariba, sai na ga fadar su Falalu ta tashi daga bakin shago, ta dawo daidai tagarku. Mutum biyar a kan benci, shayi na zuba a wuta, ba mai magana. Fada ba hira, Raishatu. Shi ya sa na bi idonsu."

"Me ka gani?"

"Kar ki tambaye ni."

"Me ka gani, Haris?"

"Sau ɗaya na duba, na rantse da Allah, na kawar da kai." Ya rage murya. "Ke ce. Kina tsefe kai."

Duniya ta tsaya mata cak.

Bazara ake ciki. Falon nan shi ya fi ko'ina sanyi a gidan, saboda haka a nan take yini ta yi hira. Ta tuna ɗankwalin da take jefarwa tun daga bakin ƙofa. Ta tuna ɗaurin ƙirjin da take zama da shi tana gyaran littattafan yara. Ta tuna Inna, mace mai shekara hamsin da ko maƙwabta ba su san kalar gashinta ba, tana miƙe ƙafa tana shafa mai. Abin da ya fi ƙona mata rai, ta tuna yadda take tsayawa a gaban gilashin, da yake ya zama madubi, tana gwada murmushin da za ta yi wa Haris ranar da aka kai ta, tana juyawa, tana rausaya, tana yi wa kanta magana.

Ashe mutum biyar take yi wa.

Ta ja hijabinta ta dunƙule a ciki, ta fashe da kuka irin wanda ba ya fita da sauti. Kunya ta rufe ta har tana jin fatar jikinta na zafi. Gwaggo ta rungume ta, ita ma tana hawaye.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?" ta ce daga cikin hijabin.

"Sau biyu na ce miki ki mayar da labule. Kika yi dariya, kika ce ni ɗan Tarka ne, ban san kayan birni ba."

Ta tuna. Har da tafa hannu ta yi ranar.

"Sauran kuma bakina ya kasa. Ta yaya zan dube ki in ce an gan ki? Na roƙi Alhaji in kafa ƙwai a bangon waje, kyauta, ya ce ba ya son tarkacena a sabon gini. Sai na haɗa fitila mai ƙarfi, kullum in an sallame magariba in rataya ta a reshen bedi, ta haske gilashin ta waje. In hasken waje ya rinjayi na ciki, madubin ya dawo. In tsaya in ba tagar baya har ku kashe ƙwai. Kwana tara suna zagina ina jinsu. Jiya suka gaji."

"To a ƙofar masallaci fa? Baba ya tambaye ka sau uku."

"Mutum ashirin ne a wurin. In na faɗi dalili, kafin gari ya waye duk Tanut ta san an ga 'yar Alhaji Sidi da matarsa ba lulluɓi. Su Falalu ba za su faɗa ba, don su ma tonon kansu ne. Ni kaɗai ne zan iya tona ki." Ya share fuska da hannun riga. "Gara a ce ni ne mai leƙe. Ni namiji ne, in koma Tarka, a manta. Ke fa? Kullum sai kin bi hanyar nan kin tsaya gaban yara sittin."

"Ka bar ni ke nan."

"Na rufa miki asiri ke nan. Shi kaɗai nake da shi da zan ba ki."

Raishatu ta sunkuyar da kai. Tana jin tsoro, tsoro sosai, don ta san garinsu: magana ba ta kwana a baki ɗaya. In ta yi shiru ta rataya labule, ba wanda zai ƙara sani, akwati ya tafi Tarka, Haris ya tafi da sunan da ba nasa ba, Falalu ya ci gaba da aiko da gaisuwa. Da ta kawo nan a tunaninta sai ta ga ba za ta iya barin haka ba.

Ta ɗago, ta gyara hijabi.

"Gwaggo, in na faɗa wa Baba zai yarda?"

"Sidi? A kan gilashinsa? Ko limami ya dafa Alƙur'ani ba zai yarda ba. Sai dai idonsa."

"To idonsa zai gani."

"Raishatu, kar ki yi," in ji Haris. "Don girman Allah. In Alhaji ya gani ba zai iya shiru ba, unguwa za ta taru."

"Waɗanda suka gani sun riga sun gani, Haris. Abin da ya rage shi ne wa zai ɗauki laifin. Ba kai ba ne."

* * *

Da aka sallame magariba Alhaji ya shigo, ya tarar da ita durƙushe a zaure, Gwaggo na tsaye a bayanta.

"In maganar yaron nan ce, tashi."

"Ba ita ba ce, Baba. Alfarma ɗaya nake nema. Ka fita ta ƙofar baya, ka zagaya ta lungu, ka tsaya a bayan bencin su Falalu ba tare da sun gan ka ba. Ni zan shiga falo in riƙe wani abu a hannuna. In ka dawo ka faɗa mini ko mene ne."

"Wane irin shashanci ne wannan? Ta ina zan gani? Gilashin nan..."

"Sidi," in ji Gwaggo. "Ni na goya ka a bayan nan. Ban taɓa aikenka ka ƙi ba, kar ka fara yau."

Ya yi tsaki, ya gyara babbar rigarsa, ya juya.

Raishatu ta shiga falo. Ta ce wa Inna ta koma ɗaki, kar ta fito. Ta buɗe adaka ta ɗauko tsohon labulen nan mai furanni, ta ja hijabinta har ƙasa, ta sa yatsa a kan makunni. Sai da ta yi bisimilla sau uku sannan ta danna.

Haske ya cika ɗakin. Gilashin ya zama madubi, kamar kullum.

Ta taka har gabansa ta tsaya, ta ɗaga labulen da hannu biyu. Ba ta ganin kowa sai wata mace mai kumburarren ido tana kallonta. Jiya wannan madubin abokin sirrinta ne. Yau ta san a bayan fuskar nan tata akwai idanu goma, da na mahaifinta. Ta ƙirga numfashinta ya kai arba'in, ba ta ji komai ba. Ta fara tunanin ko Baba bai je ba, ko kuma ya je bai gani ba, ta tona kanta a banza.

Sai ta ji ƙarar benci ya kife, butar shayi ta yi tsalle a kan dutse, ƙafafu suna gudu.

Ta kai hannu ta kashe ƙwan.

Nan take madubin ya ɓace, hanya ta bayyana cikin sauran hasken magariba. Ga gawayi warwatse yana ja. Ga Falalu tsaye, kofin shayi a hannu. Ga Alhaji Sidi a bayansa, baki buɗe, hularsa a ƙasa, bai ma san ta faɗi ba. Tunda take ba ta taɓa ganin fuskar mahaifinta haka ba.

Ta ga ya tsallako hanya yana tangaɗi kamar marar lafiya. Ta ga ya kama wuyan babbar rigarsa ya tuɓe ta, a tsakiyar titi, mutumin da ko zaure ba ya fita da 'yar ciki. Ya ware ta da hannu biyu ya manna a jikin gilashin. Ɗakin ya yi duhu.

Ta yar da labulen ta ruga zaure, ta laɓe a bayan ƙyaure.

Mutane sun fara taruwa, masu dawowa daga masallaci da masu leƙowa daga gidaje. Alhaji yana nan manne da taga, hannuwa a sama, ya ba jama'a baya.

"Falalu." Muryar ba ta yi kama da tasa ba. "Maimaita abin da na ji ka ce."

"Alhaji, wallahi ba haka..."

"Cewa ka yi, yau kuma hijabi ta saka mana. Mana. Da kunnena na ji. Kai ka kawo gilashin nan. Kai ka ce a faɗaɗa taga. Ka ci tuwo a gidana, na kira ka ɗa." Ya ƙara danne rigar a jikin gilashin. "Labule ne a hannunta. Har furannin na gani. Labulen da na sa aka cire."

Wata tsohuwa ta ce subhanallahi. Raishatu ta ji maganar na bin bakuna ƙasa-ƙasa, daga wannan zuwa wancan, ta san ta fita ke nan, ba mai mayar da ita. A bayanta ta ji Inna, wadda ta biyo ta ba ta sani ba, ta zube a ƙasa tana salati, hannu biyu a kan ɗankwalinta.

Falalu ya dubi jama'a, ya ga ba hanyar fita. Sai fara'ar nan tasa ta shekara biyu ta zube, ainihin fuskar ta fito.

"To Alhaji, tunda abin ya kai haka, a yi maganar gaskiya. Ni rufin asiri nake nema muku. Yanzu da kowa ya ji, wa zai ɗauke ta in ba ni ba?"

Raishatu ta toshe bakinta da hijabi. Ashe lissafin ke nan tun ranar da ya shigo da kyautarsa.

Alhaji ya kifa goshinsa a kan rigar, kafaɗunsa suna rawa.

"Akwatina yana cikin gidan nan, Alhaji."

Kowa ya juya. Daga gindin bedi maganar ta fito. Haris ne, da kumburarren leɓensa, rungume da batirin babur da ya ɗaura wa ƙwai da waya. Ya zo dare na goma.

"Ni ban ce a mayar mini da shi ba," ya ce. "In kun yarda, yana nan inda yake."

Alhaji bai juyo ba. Hannuwansa da ke riƙe da rigar sun fara sauka da kansu, yana mayar da su sama.

"Haris."

"Na'am, Alhaji."

"Rataya fitilarka, ɗana. Hannuna ya gaji."

Haris ya miƙa ya sagale ta a reshen da ya saba, ya haɗa waya. Farin haske ya bugi tagar. Alhaji ya saki rigar ta zame ƙasa, gilashin ya koma madubi, duk wanda ya zo kallo ya ga fuskarsa a ciki. Ɗaya bayan ɗaya suka fara sunkuyar da kai suna watsewa. Falalu ma ba a ga lokacin da ya sulale ba.

Haris ya juya ya ba tagar baya, kamar yadda ya saba.

Raishatu ta koma tsakar gida tana kuka, ta durƙusa a gaban akwatin, ta kama igiyar. Ƙullin Alhaji ne, na mai ɗaure buhunan gero, ta yi ta ja ya ƙi kwantuwa. Sai ta ji an dafa kafaɗarta. Inna ce, fuska jiƙe da hawaye, ta miƙo mata wuƙar yanka kuɓewa.